Tabon Fartanya

Malamin ya yaye farin ƙyallen daga wajen ƙafafu, ya miƙo mini wuƙar fiɗa.

"Fara," in ji shi. "Gawar ba ta da kowa, a bayan tasha aka tsince ta."

A makarantar likitoci ta Ikko muke, warin magani yana hawa mini kai. Sauran ɗalibai sun kewaye teburin suna raha. Ni kuwa idona ya kafe a kan diddigen hagu, inda wani tsohon tabo ya lanƙwashe kamar jinjirin wata. Ina tsaye ranar da fartanya ta yi wa yayana irinsa a gonarmu ta Balan.

Na tsaya da wuƙar a hannuna, ban yanka ba. Ranar da zan taho, Inna ta riƙe wannan hannun ta ce, "Yayanka tun da ya tafi cin rani Kudu, shiru. Ka riƙa duba fuskokin mutane."

"Tsoro kake ji? Bari ka ga fuskar," in ji malamin, ya kai hannu kan ƙyallen.

"A bar ta a rufe, Malam."

Idan na koma hutu, ina so in iya rantse wa Inna cewa ban ga fuskarsa ba.