Bencin 'Yan Jarida

"Kotu ta wanke ka," in ji majistare.

Mahaƙin zinariyar ya waiwayi bencin 'yan jarida. Ba kowa, sai ƙadangare yana gyaɗa kai.

Ran da aka kama shi a Bukkuyum kan zargin satar injin niƙa, har ture juna 'yan jarida suka yi wajen cusa masa makirufo. Da Innarsa ta je gidan rediyo don ta kare shi, wakilinsu ya ce magana tana kotu, shi kam doka ta ɗaure masa baki.

Yau da mahaƙin ya fito daga kotu, ga wakilin a teburin mai shayi, bakin ya kwance sarai, yana dannar biredi.

"An wanke ni. Sai ka sanar."

Wakilin ya hura shayinsa. "Malam, wa ke son labarin wanda bai yi komi ba?"