Baƙon da Ya Zo Sayen Jirgi

Tun da sassafe injin ɗaga kaya ya maƙale da ƙafafun jirgi a sama, masu fenti kuma suka ajiye aiki saboda wani ya shanye musu kofi. Haka ranar ta fara a masana'antar ƙera kan jirgin ƙasa da ke bayan garin Lyon, cikin bazarar 1984.

Mounkaila, injiniya ɗan Nijar da ke aikin gwaji a wurin, hankalinsa ya fi na kowa tashi. Dangin budurwarsa Raliatou da ke Paris sun ce ba za a yi maganar aure ba sai ya samu aikin dindindin. Daraktan masana'antar kuwa ya ce aikin zai samu idan babban baƙon da za a turo daga Afirka ya ga sabon kan jirgi ya yaba. Matsalar ɗaya ce. Kan jirgin yana ta ƙyalli da koren fenti, amma ba a saka masa inji ba tukuna.

Ana cikin wannan hayaniya mai gadi ya ga wani dattijo da babbar riga, shi kaɗai, wanda ya ce daga Paris yake. A wurin mai gadi duk baƙin mutum mai babbar riga minista ne, sai ya ƙame ya sara masa. Darakta ya fito da gudu yana gyara wuyan riga, ya damƙa shi ga Mounkaila.

Suka gaisa da Hausa, irin ta Maraɗi. Mounkaila ya ji daɗi, kuma da yake an yi masa tarbiyya, bai tambayi dattijo sunansa ba, balle abin da ya kawo shi.

Baƙon bai cika damuwa da ƙarafa ba. Ya tambayi Mounkaila garinsu, da inda yake kwana, da ko ya yi azahar. Mounkaila, wanda ko ruwa bai taɓa ba tun safe, ya ce ai tun ɗazu.

Da suka iso wurin kan jirgin, dattijo ya zagaya, ya tura wata 'yar ƙofa a gefe, ya daɗe yana leƙen ciki.

"Ɗana, wannan abin yana tafiya kuwa?"

"Wallahi Alhaji, jiya da kaina na tuƙa shi," in ji Mounkaila, ko idonsa bai ƙifta ba.

Dattijo ya gyaɗa kai. Darakta, da bai ji ko kalma ɗaya ba, ya bubbuga kafaɗar Mounkaila, ya raɗa masa cewa aiki ya zama nasa. Daɗi ya kusa kashe Mounkaila, har ya fara tunanin launin shaddar da zai ɗinka.

Suna rakiya a bakin ƙofa Leïla sakatariya ta iso tana haki. An bugo waya daga Paris, in ji ta, jirgin saman baƙon bai ma taso ba, sai mako mai zuwa.

Kowa ya juyo ya kalli dattijo. Shi kuwa ya gyara zaman hularsa a hankali.

"Ni ba na sayen jirgi, ɗana. Illo sunana, ƙanen mahaifin Raliatou. An aiko ni in dubo ko kai mai gaskiya ne, kuma na gani."