Fitilun Motar Sagiru

Da la'asar Zulfa ta tarar da Sagiru a garejinsa na Yalwawa, yana jan waya daga batir zuwa ƙananan fitilun da ya jera a rufin motarsa. Rabonta da shi tun ranar da yayanta ya tara masa jama'a, lokacin shari'ar Musulunci tana sabuwa, ya ce ya kama su cikin mota a duhu. Ƙarya ce, amma da aka tambaye ta sai ta sunkuyar da kai.

"Yaya Sagiru, haƙuri na zo ba ka. Baba ya ce ka turo."

Bai ɗago ba sai da ya naɗe wayar da salatif. Ya danna makunni, cikin motar ya yi haske.

"Yanzu ba mai sake yi mini sharrin duhu." Ya dube ta ido cikin ido. "Ai na tura, Zulfa, amma gidan kawunki. Nana Aisha ce kaɗai ta kare ni ranar."

"'Yar'uwata?" in ji Zulfa.

"Juma'a za a ɗaura. Ke nake so ki riƙo hannunta ki shigo da ita motar nan."