Ɗigon Kwallin Aljani

Aljanin ya zabura daga akwatin gawa yana ruri, mijina ya ƙwala ihu ya ɓuya a bayana. Jaririnmu kuwa sai ya kece da dariya.

Zafin birnin Lahore ne ya koro mu cikin gidan ban tsoro na filin wasa, ba jarumta ba.

Aljanin ya sauke faratansa na roba, ya leƙa fuskar yaron. "Masha Allah! To 'yar'uwa, ina ɗigon kwallin goshinsa?"

"Likita ya hana," na ce. Tun ranar suna nake wannan yaƙin da uwar mijina, kuma ban taɓa saduda ba.

"Likita! Yaro kamar shi ya yi kansa, kika ratso idanun rabin gari da shi ranar Salla? Ana wasa da kambun baka? Ke Mayya, zo ki ga rashin imani!"

Mayya ta fito daga rijiya tana salati. Masu layi a bayanmu suka fara, "A wuce mana!"

"Ba inda za su," in ji aljanin. Ya lakato baƙin da ke ƙarƙashin idonsa, ya yi bisimilla, ya ɗiga wa ɗana a goshi. Sannan ya koma akwatinsa ya kwanta.

A gida, uwar mijina ta karɓi jikanta, ta daɗe tana kallon ɗigon.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Yau dai kun haɗu da mutum."