Tagar da Aka Toshe da Kwali

Anti Tela ta tofar da yawu a bayan shagonta, ta sake ganin jini, ta ja dogon tsaki. Ta canza buroshi har ta gaji, ta koma asuwaki, ta gwada gishiri da gawayi, amma dasashinta yana nan a kumbure, abu kaɗan sai jini. Babban tashin hankalinta haƙoranta na gaba. Da wushiryar da ke tsakaninsu aka san ta tun tana budurwa, ita ma kuwa ta san da haka, don ko ba a yi abin dariya ba sai ta nemo dalilin murmushi.

Shagon yana can ƙarshen wani lungu a cikin kasuwa, tagarsa ɗaya tak. Shekarun baya rana ta shigo ta wannan tagar ta kwanta a kan leshin wata mata, gefe guda ya koɗe, matar ta wanke ta tas a gaban jama'a. Tun daga lokacin Anti Tela ta sa ƙafar wando ɗaya da rana. Ta samo kwali ta toshe tagar, ta bi shi da ƙusoshi, ta rataya labule mai kauri a ƙofa. Gari bai gama wayewa ba tana kan keken ɗinki, ba ta fitowa sai rana ta faɗi. Abincinta biredi da lemon kwalba, shi ma ƙafarta na taka keke take ci.

Ƙanwarta, Auta, ta leƙo wata rana ta yi tuntuɓe da buhun ƙyallaye.

"Yaya, wai wannan shago ne ko rami? Ki riƙa fita kina shan hantsi mana. Na ji ana cewa rashin rana yana taɓa ƙashi, har haƙori."

"Rana a sama, haƙori a baki, ina abin ya haɗu?" in ji Anti Tela, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"To ki je ki ga likitan haƙori. Bakinki fa har ya fara wari, ni ce kawai zan iya gaya miki."

Maganar ta soke ta, sai ta huce a kan Auta. "Da wane lokacin? Ɗinkin mutane ne zai ɗinka kansa? In kin gama wa'azin ki ja mini labule, kina shigo mini da haske."

Auta ta fita tana ƙunƙuni. Anti Tela kuwa ta ƙara ƙaimi wajen dirzar dasashin, ita a dole sai ta kankare cutar da ƙarfin tsiya.

Ana haka 'yarta ta kammala jami'a. Anti Tela ta ajiye ɗinkin kowa ta hau yi wa kanta rigar da za ta sa a ɗauke su hoto tare. Ga almakashi nan kusa da hannunta, amma kamar yadda ta saba tun tana koyon ɗinki, ta kai zaren bakinta ta datse. Sai ta ji wani abu ya motsa wanda bai kamata ya motsa ba. Ta sa harshe ta taɓa, haƙorin ya karkata. Jini ya ɗiga a kan sabuwar rigar.

Wannan karon ba wanda ya roƙe ta, da kanta ta kira Auta suka tafi asibiti. Likitan haƙori ya duba, ya sa aka ɗauki hoton haƙoran aka yi gwajin jini, sannan ya zaunar da ita.

"Malama, dattin da ke taruwa a gindin haƙori shi ya fara kunna ciwon. Amma gwajinki ya nuna bitamin D ya yi ƙasa ƙwarai a jikinki. Fata ce ke samar da shi idan rana ta taɓa ta. Shi ke taimaka wa jiki ya ƙarfafa ƙashin da ke riƙe haƙori, ya kuma yaƙi ƙwayoyin cuta. Kina fita rana kuwa?"

Auta ta buɗe baki, yayarta ta harare ta, ta rufe.

"Likita, ba wani magani da za a shafa ya tsaya?" in ji Anti Tela.

"Da kin zo da wuri, akwai. Yanzu ƙashin ya zaizaye. Na gaban nan biyu sai dai a cire, mu yi ƙoƙarin ceto sauran."

Ranar ɗaukar hoto rigar ta zauna mata ɗas, kowa yana yabawa. 'Yarta ta rungumo ta tana cewa, "Mama, ki yi dariya mana, yau fa ranarmu ce." Anti Tela ta matse leɓe gam, takaici ya cika mata ciki. A haka hoton ya fito, yana nan rataye a falo.

Washegari ta ɓamɓare kwalin, ta buɗe tagar. Ta tura teburin yadudduka zuwa ɗaya bangon inda rana ba ta kaiwa, aikin da ta gama kafin shayinta ya huce. Ta daɗe a tsaye tana kallon teburin. Sannan ta ɗauki kujera da rigar da take sa wa maɓalli ta fita bakin lungu, ta zauna a hantsi, almakashi a cinyarta.

Jama'a, jinin dasashi gargaɗi ne, kada mu yi masa kunnen ƙashi. Mu riƙa goge baki a hankali safe da dare, mu ɗan sha rana a kai a kai, mu ci kifi da ƙwai, mu ga likita tun haƙori bai fara girgiɗi ba. Yadin da ya koɗe ana sayen wani, haƙorin babba kuwa in ya fita ba ya sake tsirowa.