Faɗin Yatsa Biyu

Tunda ka ce aikin asibiti za ka fara, zauna in ba ka wani misali, ko da yake ni kaina ba na tuna shi raina bai ɓaci ba.

An yi wata mata mai saƙar tabarma a wani ƙauye can ƙetaren kogi, tana da 'ya 'yar shekara biyar wadda shan inna ta shanye wa ƙafar hagu. Inda ake ƙera takalmin ƙarfe, mai riƙe ƙafa tun daga diddige har cinya, yana birni, tafiyar yini guda cur. Sai ta goya yarinyar zuwa bakin ruwa, su shiga kwalekwale, su hau babur, sannan motar kasuwa da ake cusa mutane a kan buhunan albasa. Likita ya gaya mata cewa in dai aka sami takalmin da wuri yarinyar za ta tsaya da ƙafarta, in kuwa aka yi jinkiri gwiwar za ta ƙage. Ita ma ta san nata lissafin: yarinya kullum ƙara nauyi take, bayan uwa kuwa ba ƙara ƙarfi yake ba.

Tsarin wurin shi ne a gwada ƙafa yau, a ce ka dawo bayan wata huɗu ka karɓa. Matar nan ba ta yi boko ba, amma mai saƙa ce, awo shi ne abincinta. Tana da wani zaren kaba rataye a bayan ƙofa, duk tsayuwar wata takan shimfiɗa shi a ƙafar 'yarta ta ƙulla inda tsawon ya kai. Saboda haka ranar gwajin farko ta russuna ta roƙi mai gwajin ya ƙara faɗin yatsa biyu, don kafin su dawo yarinyar ta girma. Ko ɗaga kai bai yi ba. Ya ce ma'auninsa ba ya ƙarya, ta bar wa masu aiki aikinsu. Bayan wata huɗu suka dawo, takalmi ya gaza. Ya danna ƙafar a ciki da ƙarfi yarinya na kuka, ya ce su je, za ta saba. Ba ta saba ba. Kafin sati biyu ƙarfen ya ci mata fata har ya zama gyambo, dole uwar ta cire shi ta jefa a buhu. Suka koma, aka sake gwaji, ta sake roƙo, ya sake yi mata kallon baƙauyiya. Haka aka yi na biyu, haka aka yi na uku. Shekara biyu tana ƙetare kogin nan, damina da rani, tabarmin da ta fara saƙa suna jiranta rabi da rabi, kuma duk tafiya sai ta ji goyon ya fi na baya danne mata ƙugu.

Ranar da tura ta kai bango, likitan ne ya kama gwiwar ya ja, ta ƙi miƙewa. Ya dubi matar a gaban mai gwajin da sauran jama'a ya ce irin sakacin mutanen ƙauye ke nan, a ba su takalmi kyauta su ƙi sa wa yaro. Sakaci! Matar da duga-duganta suka tsage a hanyar asibitinsu. Ba ta yi kuka ba, ta wuce nan. Ta zazzage buhunta a kan teburin, takalma uku suka zube da ƙara. Ta ciro zaren kabar, ta ɗora shi a jikin na farko, ta nuna ƙullin watan da aka ba ta shi. Ya gaza da yatsa biyu. Na biyu ma haka, na uku ma haka, kamar da gangan aka yi.

Ta ce, "Likita, ku sau ɗaya kuke ganin ƙafar nan a wata huɗu. Ni nake wanke ta kullum, ni nake goya ta. Sau uku ina roƙon bawan Allahn nan yatsa biyu. Yanzu ka gaya mini, a cikinmu wa ya yi sakaci?"

Mai gwajin ya sa hannu ya karɓi zaren, a karo na farko ya dube shi, ya yi awo ya ƙara abin da ta ce. Da suka dawo, takalmi ya zauna daram. To amma gwiwar da take miƙewa sumul shekara biyu baya ta riga ta lanƙwashe, sai da aka lanƙwasa ƙarfen ya bi ta. Yarinyar ta tsaya, da sanda, a karkace, kuma haka za ta yi tafiya iyakar rayuwarta. Uwar ta yi wa Allah godiya, ta naɗe zarenta ta ɗaure a bakin zane. Mai gwajin ya ce ta yi haƙuri, ta dube shi, ta kama hannun 'yarta suka nufi tasha.

Don haka in wata uwa ta zo maka daga nesa da ƙurar hanya a ƙafarta tana cewa ga abin da ta gani a jikin ɗanta, ka ajiye ma'auninka ka saurare ta tukuna. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.