Tsuntsun da Ya Bar Tafki

Kaset ɗin ya sake maƙalewa. Auta ta zaro shi, ta zura biro a raminsa, ta naɗe zaren a hankali, ta mayar. Tun bayan rasuwar Baba aikinta ke nan: ta danna, ta saurara, ta kwafe a kwamfuta, ta ɗauki na gaba.

Baba ma'aikacin gidan rediyo ne, mai ɗaukar sauti. Ranar hutu yakan rataya rikodarsa ya tafi tafkin bayan unguwa, ya ɗauki duk abin da kunnensa ya ji: kwaɗi, iska a cikin ciyawa, masunta, mata masu wanki. Tafkin ya daɗe da ƙafewa, yanzu garejin manyan motoci ne a wurin. Abin da ya rage shi ne kwali guda cike da kaset-kaset.

A ofishinsu ana haɗa shafin intanet na tarihin tafkin, da tsofaffin hotuna da hirar dattawa da taswira. Mutum zai taɓa wuri a taswirar, ya ji yadda wurin yake a da. Ranar da ta kawo kwalin, Oga har tafi ya yi.

Ba ta gaya masa abin da take nema a ciki ba. Ranar jana'iza ba ta yi kuka ba, bayan nan ma ba ta yi ba. Ta dai wayi gari ta tarar ta kasa tuna muryar Baba. Fuskarsa tana nan, da tafiyarsa, da yadda yake goge tabarau da bakin riga. Muryar ce babu.

Shi kuwa mutumin ya san aikinsa. Mai ɗaukar sauti na ƙwarai ba ya bari a ji shi. Kaset bayan kaset, ko tari Baba bai yi ba.

Abin da ta samu tsuntsu ne. A tsofaffin kaset-kaset yana nan, daf da makirufo: kuka dogo mai hawa sama, sai gajeru a bayansa. Can nesa ana jin bugun wanki a kan dutse. In tsuntsun ya yi kuka sai bugun ya ɗan tsaya, sannan ya ci gaba. Kafin kowane kuka akwai wani ɗan huci, irin wanda tsohon kaset kan yi. Ta sa manhajar tace sauti ta share hucin tas, ta ɗora kukan a shafin.

Kafin mako ya zagayo ya karaɗe wayoyin mutane. Wata ta rubuta cewa kakarta ta sha jinsa da asuba. Wani ya rantse ya taɓa harbo irinsa da danƙo, har ya faɗi launin fiffikensa. Wani masanin tsuntsaye ya ce bai gane shi ba tukuna, amma yana bincike.

"Auta, tsuntsun nan naki ya fi mu farin jini," in ji Oga. "In ya tsaya takara, wallahi ni zan yi masa kamfe."

Ta yi murmushi don ta ga ana yi. Oga ya bi wayoyin ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da kukan ƙarar kiransu.

Ta duba shekarun da Baba ya rubuta a jikin kaset-kaset ɗin. An daina jin tsuntsun a shekarar da aka ja ruwan famfo zuwa unguwar. Ta rubuta haka a ƙarƙashin sautin, ta ƙara da cewa wataƙila haƙar bututu ce ta kore shi. Malaman makaranta suka fara kunna wa ɗalibai.

Kaset na ƙarshe kwaɗi ne daga farko har ƙarshe. Ta saurare shi duka. Da ya tsaya, ta cire abin kunne, ta rufe kwalin, ta zauna tana kallon bango. Ta jira ta ji wani abu a ƙirjinta. Ba ta ji komai ba.

Da la'asar ta biya gida. Mama tana tsakar gida da tire a cinya, tana tsince shinkafa da yatsu, don idon ya yi rauni. Ba ruwanta da intanet, wayarta ma ta amsa kira ce kawai.

"Kin gama da kwalin babanku?"

"Na gama, Mama. Ko sau ɗaya ban ji shi ba."

"To me kika zata? Mutumin da ko a gida sai an jawo maganarsa da igiya."

A nan wayar Auta ta yi ƙara a cikin jaka. Dogo mai hawa sama, sai gajeru.

Hannun Mama ya tsaya a cikin shinkafar. Ta ɗaga kai kamar mai hangen nesa, ɗaya hannun ya kai ga ɗankwalinta ya gyara shi. Har kiran ya katse ba ta motsa ba.

"Sake kunna min."

Auta ta kunna daga shafin. "Tsuntsun tafki ne, Mama. Ya ɓace, tun shekarar da aka ja famfo."

"Ai dole. Da ruwa ya shigo gida, wa ya sake zuwa tafki wanki?" Ta karkata kunne. "Amma an taɓa shi. Ina numfashin da yake ja kafin ya fara?"

Auta ta sauke wayar. "Numfashin wa?"

Mama ta mayar da hannu cikin tiren, ta ci gaba da tsinta.

"Na babanki mana. In ina wanki a wancan tsallaken, haka yake min fito da baki, don in san ya iso."